Tsohon Direba da Takardar Likita

Duk wanda ya tashi a Maraɗi kafin zuwan wayar salula ya san takardar nan ruwan hoda mai ninki uku, wadda direbobi ke naɗewa cikin leda su cusa a aljihun gaba. Permi ke nan, lasin tuƙi irin wanda muka gada daga Faransa. Hoton mai shi baƙi da fari ne, hatimi ya ci gefensa, ga haruffa a jere kowane da gurbinsa: B na ƙaramar mota, C na gingimari, D na ɗaukar fasinja, E na mai jan tirela. Yawan hatimin da ke gaban haruffan nan shi ne girman mutum a tasha. Wanda ya cike su duka, ko wurin ɗaurin aure ya je sai an matsa masa a tabarma.

Ba a makarantar koyon tuƙi ake fara neman takardar ba. Yaro yakan yi shekaru yana karen mota, yana wanki, yana ɗaurin lodi, yana dirowa da gudu ya sa weji bayan taya in an tsaya a hawa, yana kwana ƙarƙashin mota don gadi. Sai ranar da maigidansa ya ga dama, a wani fili bayan gari, ya matsa gefe ya ce masa zo ka riƙe. Jarrabawar hukuma daga baya take zuwa, kuma a idon mutanen tasha shaida ce kawai a kan abin da maigida ya riga ya yanke. Maraɗi kuwa, garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta kora daga kwari zuwa tudu, gyaɗa ce ta tashe shi, kasuwancin Najeriya ya ɗora, kuma duka biyun a bayan mota suke tafiya. A zamanin SONARA, kamfanin gyaɗa da aka kafa a 1962, manyan motoci na fita da buhuna, wasu su nufi Kano inda jirgin ƙasa ke jira, wasu su yi yamma zuwa Faraku. Har zuwa watan Afirilu na 1972 Najeriya hannun hagu take bi, don haka direban Maraɗi in ya wuce Ɗan Isa ya doshi Jibiya sai ya sauya hannu, in ya dawo ya sake sauyawa. Kawuna, mutumin Tibiri, ya riski ƙarshen wannan zamani yana yaron mota, kuma har yau in yana son ya rage wa wani matashin direba tsawo sai ya tambaye shi ko ya taɓa tuƙi a hannu biyu cikin wuni ɗaya.

Takardar ba ta tsufa tare da mai ita. Hoton saurayi ne a ciki, mai gashi baƙi ƙirin, ga dattijo mai furfura yana miƙa wa jandarma ita, jandarma ya duba ya mayar ba tare da ya ga wani abin mamaki ba. B dai an ɗauke shi na har abada. Masu C da D kuwa, tun a tsarin da aka gada, doka ta ce su riƙa komawa wurin likita lokaci zuwa lokaci, kuma tazarar na raguwa in shekaru sun ja. Amma kowa a tasha ya san yadda ziyarar ta kasance a wurare da yawa. A nuna maka haruffa a bango, a tambaye ka lafiya, ka ce lau, a buga hatimi. Wani ma bai je ba, takardar ce ta zo ta same shi yana shan shayi.

Duk da haka ba zan ce a da ana barin tsoho ya yi ta tuƙi har ya faɗi a kan sitiyari ba. Akwai wani tsari da ba a rubuta ba, kuma shi ne ainihin sabunta permi na wancan lokaci. Direba yana da ƙarfi yana doguwar hanya, Yamai, Agadas, Kwatano, Legas. In ido ya fara gajiya da hasken fitilun dare, sai maigida ko abokan sana'a su ba shi shawara ya dawo Katsina ko Tasawa ko Dakwaro, ya je ya dawo ya kwana gida. In aka ƙara shekaru, sai ya koma Tibiri da Jiratawa, waɗanda kowannensu bai kai kilomita 20 daga Maraɗi ba. Tsohuwar mota 404 mai rumfa ko wata gajiyayyar hiyas ta ishe shi. Da asuba ya ɗebo matan Jiratawa da buhunan zogale da kwandunan tumatir da barkono, musamman bayan da aka buɗe filin noman rani na wajen hekta 500 a farkon shekarun 1980, ya sauke su kasuwa, ya juya. Ko ya yi ta kai da komo tsakanin birni da garin Sarkin Gobir, fasinjojinsa duk ya san iyayensu. Daga nan sai benci, ya zama kamasho ko dattijon tasha, yana rubuta layi, yana raba gardama, ana ba shi nasa a kowane lodi. Babu wanda ya ce masa ka tsufa. Hanyar ce ake rage masa kaɗan kaɗan, mutuncinsa kuma na nan.

Wannan tsani ne ya karye, kuma ba likita ne ya karya shi ba. Babur ne. Tun da kabu-kabu ya yaɗu, sannan baburan Sin masu araha suka cika gari, daga baya adaidaita ta biyo, babu mai zama cikin hiyas yana jiran ta cika don zuwa Tibiri. Mai zogale ma yanzu ɗan babur ne ke ɗaure mata buhu uku a baya ya kai ta har bakin rumfa. Doguwar hanya kuma manyan bas na kamfanoni sun ɗauke fasinjan da ke da kuɗi. Abin da ya rage wa tsohon direba shi ne tsakiya, inda ake ja da matasa a kan kowane fasinja. Gajeriyar hanyar da ta kasance wurin hutunsa ita ce ta fi kowace cin hankali yau. Tsakanin Maraɗi da Tibiri kana kan babbar hanyar ƙasa ce mai zuwa Yamai, bas na tafe da gudu, tanka na tafe, babur na ɓullo maka ta dama da hagu, amalanken shanu na gefe, yaran makaranta na tsallakawa, ga gidaje sun kusa haɗe garuruwan biyu. Hanyar Ɗan Isa da ake bi zuwa Jiratawa ma haka, ga motocin kan iyaka. Wanda aka ce ya koma nan don ya huta, an kai shi inda ƙafarsa ba ta barin birki.

A daidai wannan lokaci takardar ma ta sauya. An yi sabuwar dokar hanya a 2014, an kafa hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, sannan aka zo da permi na kati, mai hoton da aka ɗauka yanzu da zanen yatsa a kwamfuta. Dattawa da yawa sun yi gunaguni a kan kuɗi da layi, kuma suna da hujja. Amma na lura akwai waɗanda ba kuɗin ne ke damunsu ba. Abin da suke gudu shi ne a ce su kawo takardar likita, a kuma dace da likitan da zai duba da gaske.

Ciwon da suke tsoron a gano ba baƙo ba ne. Da can sai a ce wane ya kwanta lafiya bai tashi ba, ko ƙafafunsa sun kumbura an yi masa sammu, ko iska ta buge shi ɓarin jiki ya shanye. Yanzu ko tsohuwa a unguwar Bagalam ko Mokoyo ta san tansiyo, wato hawan jini, ta san in an ce mata sha huɗu bisa tara ta iso bakin iyaka, in an ce sha takwas sai a nemi magani da gaggawa. Rayuwar direba kuwa kamar an tsara ta ne don wannan ciwo. Zama wuri ɗaya daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita sama da 600. Abincin tasha mai gishiri da dunƙule da mai. Shayi mai kauri, goro, sigari, barci rabi da rabi, wasu har da ƙwayar hana gajiya. Jini in ya shekara da shekaru yana hawa, naman zuciya yakan yi kauri don ya iya turawa, daga baya ya saki ya yi rauni. Ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Mutum ya ga ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, ya ga tafiya daga mota zuwa masallaci na sa shi haki.

Haka ta faru da Kawu, kuma ni na raka shi awon zuciya. Da can irin wannan awo sai an je Yamai ko an tsallaka Katsina ko Kano, yanzu ana yi a Maraɗi. Ya cire riga yana ƙunƙuni, aka kwantar da shi, wata ma'aikaciya ta manna masa wayoyi shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane hawa da sauka. Aka shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji aka ɗora abin hoto, sai ga zuciyarsa a allo tana buɗewa tana rufewa. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe bonet, ranar ya fara ganin nasa. Likitan, wanda bai kai sa'an babban ɗansa ba, ya danna masa ƙauri da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba.

"Baba, ka taɓa jin jiri kana tuƙi? Ko ka ga duhu ya rufe maka ido, ko na ɗan lokaci?"

Kawu ya ce shi tun da yake bai taɓa kwantar da mota ba.

"Na yarda, Baba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ba haɗari na tambaya ba."

Ya yi shiru, ya dube ni, kamar yana so in fita. Sannan ya ce akwai wata rana bayan la'asar, ya baro Jiratawa ya kusa shiga gari, ya ji ƙirjinsa na fat-fat ba tsari, ya gangara gefe ya ce wa fasinja ruwa zai zuba wa mota. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Wannan tambaya ita ce gaba ɗayan maganar, kuma nan ne mutanen tasha ke kuskuren fahimta. Suna ɗauka duk wanda aka ce yana da ciwon zuciya an raba shi da sitiyari. Ba haka ba ne. Mai hawan jini da ke shan maganinsa kullum yana tuƙi lafiya. Wanda zuciyarsa ta ɗan yi rauni amma magani ya riƙe shi yana iya jan ƙaramar motarsa. Har wanda aka dasa wa ƴar na'ura mai batir ƙarƙashin fata don daidaita bugu, da yawa suna komawa tuƙi bayan sun warke. Abin da likita ke farauta shi ne ciwon da ke ɗauke mutum ba sallama, wato bugun ya rikice, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa, ido ya rufe. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Suman daƙiƙa biyar ya wuce mita 100 ba kowa a kan sitiyari. Gwaninta ba ta da amfani a nan, don gwanin ba ya wurin.

Ba mu kaɗai ke ɓoyewa ba. Ranar 22 ga Disamba 2014, a tsakiyar birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, direban wata motar kwasar shara ya suma yana tuƙi, motar ta bi ta kan masu sayayya, mutum shida suka mutu. Bincike ya gano ya taɓa suma a 2010 yana kan kujerar direban bas, ya kuma ɓoye a takardun da ya cike daga baya. Ƙasa ce mai likitoci da kwamfuta da fansho, amma tsoron rasa aiki ya sa mutum ya yi abin da direban tashar Maraɗi zai yi. Abin da ya burge ni a tsarin Ingila shi ne yadda suka raba mai tuƙa kansa da mai tuƙa jama'a. Mai ƙaramar mota yana sabunta lasinsa in ya kai 70, daga nan duk shekara uku, kuma shi ke bayyana lafiyarsa da bakinsa. Direban bas ko gingimari kuwa likita ke duba shi, duk shekara biyar daga 45, duk shekara daga 65, kuma in jininsa ya zauna a 180 bisa 100, sha takwas bisa goma a lissafinmu, sai ya ajiye har ya sauka. Faransa da muka gaji permi a wurinta ta daɗe ba ta neman mai B ya ga likita don tsufa kawai, amma ba ta sassauta wa masu manyan motoci ba.

Akwai amsar da na sha ji a benci, kuma ba na raina ta: kwana in ya ƙare ya ƙare, mai lafiya ma yana mutuwa a hanya, yara masu jini a jika su ne ke kashe mutane da gudu, ba tsofaffi ba. Rabin maganar gaskiya ne. In da za a ba ni zaɓi tsakanin dattijo mai shan maganin tansiyo da yaron da ya haɗiyi ƙwaya ya kwana biyu bai runtsa ba, motar dattijon zan shiga. Amma mutumin da ya san duhu na rufe masa ido, ya kuma ɗauki mutum goma sha takwas bai gaya wa kowa ba, ba tawakkali yake yi da ransa kaɗai ba. Ya sa hannu a ran da ba nasa ba. Direbobin da suka koya wa su Kawu sana'a ba sa barin yaro ya tashi da taya mai ƙari, ko da maigida na kumfar baki. Ban ga dalilin da zai sa abin da aka hana wa taya a halatta wa ƙirji ba.

Wani abu da likitoci ba su cika sani ba sai direba ya amince da su: maganin da ake ba mai kumburi, Lasilix da ƴan uwansa, fitsari yake sawa. Direban da ya sha shi da safe ba zai kai Gidan Rumji ba sai ya tsaya, kuma fasinja ba sa yafe wa mai yawan tsayawa. Don haka ranar da yake da tafiya sai ya tsallake, ya ce gobe. Ranar da ya fi bukatar maganin ita ce ranar da ba ya sha. Ga tsada kuma, don magani ne na kowane wata har ƙarshen rayuwa, ba na kwana bakwai ba. Da ya ji sauƙi sai ya daina, ya koma jiƙe-jiƙe, har ƙafa ta sake cika takalmi.

Likitan bai ɓoye wa Kawu komai ba, kuma bai wulaƙanta shi ba. Ya ce ba zai sa hannu a takardar ɗaukar fasinja ba. Ƙaramar mota kuma ya dakata tukuna, ya fara magani, ya rage gishiri, ya bar sigari, ya dawo a sake awo, in bugun ya daidaita a duba yiwuwar ya riƙa kai kansa masallaci da gona da rana. Kawu ya ce, "To, ɗana, in na ajiye, kai za ka ciyar da gidan?" Likitan ya ce ba shi da amsar wannan. Na ga girmansa da bai ƙirƙiro wata ba.

Tambayar ce kuwa babu mai amsarta har yanzu. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS yana da fansho, komai ƙanƙantarsa. Direban tasha, wanda ya yi shekara arba'in yana kawo wa maigida kuɗin wuni, yawanci ba sunansa a ko'ina. Ranar da ya ajiye makulli, ranar tukunya ta tsaya. Bencin ma ya cika, don tsofaffin sun fi guraben kamasho yawa, lodin kuma ya ragu. Ina goyon bayan a tsananta awon likita, a kuma daina sayar da hatimi, amma wanda ya tsananta awo bai tanadi wurin sauka ba, ƙara wa hatimin farashi kawai ya yi. Sandikar direbobi na karɓar kuɗi a kowane lodi, suna kuma taimakawa in an yi rasuwa ko haɗari. Ban ga abin da zai hana a ware wani kaso don wanda likita ya sauke ba, tunda shi ma rashi ya yi, sai dai yana raye.

Kawu ya fi wasu sa'a, don hiyas ɗin tasa ce, ya gama biyanta tun kafin darajar sefa ta faɗi a 1994, ya sake wata bayan nan. Ya ba wani yaro da ya taso a hannunsa, yaron na kawo masa abin da ya samu da yamma, wata rana da auki, wata rana sai labarin gareji. Watannin farko ya yi ta faɗa da kowa a gida. Abincin ba gishiri, shayin ruwa ne, yaron ba ya jin kukan giya. Yanzu kumburin ya saɓe, yana zuwa awo, kuma an bar shi ya riƙa jan wata tsohuwar ƙaramar mota cikin Tibiri da hantsi. In zai shigo Maraɗi, jikansa ke tuƙawa, shi yana gefe yana taka birkin da babu shi.

Kawu yana da wani aboki da suka yi karen mota tare, wanda shi ba shi da motar kansa, kuma ƙafarsa ta fi ta Kawu kumburi. Da ya ji yadda aka yi, bai je wurin wannan likitan ba. Ya samo takardarsa a wani wuri, ya karɓi sabon katinsa, kuma har makon jiya yana lodin Damagaram.